Tsohuwar Mercedes ta Gado: Yadda Ake Gane Motar Asali, da Abin da Ke Karya Darajarta

Wani matashi daga unguwar Zango, nan Damagaram, ya aiko mini da wannan tambaya: "Baba, mahaifinmu ya rasu ya bar mana wata tsohuwar Mercedes mai ƙofa biyu, 280 SL, ta fi shekara ashirin a kulle a garaji. Wani dillali ya zo daga Kwatano ya ce akwai Baturen da ke so, amma sai lambar inji ta dace da ta takardar kamfani. Mun duba, ba ta dace ba. Wani makaniki ya ce zai goge lambar ya buga wadda ake so, a kuma yi mata sabon fenti. Akwai kuma masu cewa motar ta taɓa shiga tseren Paris-Dakar. Ta yaya masu tara irin waɗannan motoci ke gane ta gaskiya, kuma me ya kamata mu yi?"

Ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya kai haske kabarinsa, ya ba ku haƙurin rashi. Kafin dogon bayani, ga abin da nake so ka yi yau ɗin nan: ka rufe garajin, ka sa makulli a aljihunka, ka ce wa makanikin nan ka gode. Kada guduma ko injin goge ƙarfe su kusanci wannan lamba. Kada a yi fenti. Ko wanke inji da ruwa mai ƙarfi ban yarda ba tukuna. Na fi shekara talatin ina cikin tsofaffin motoci. Da yaron garaji na fara a garin nan, na yi aiki a Yamai da Kwatano, daga baya na zauna wasu shekaru a wani wurin gyaran motocin da a kudancin Faransa. A duk tsawon lokacin nan ban ga motar da ta faɗi a kasuwa don an bar ta da ƙurarta ba. Waɗanda gyara ya kashe kuwa, ba su ƙirguwa.

Masu tara motoci ba ƙarfe suke saye ba. Kamfanin Ferrari na Italiya ya ƙera wata motar tsere mai suna 250 GTO tsakanin 1962 da 1964, guda 36 kacal. A 2018 an sayar da ɗaya a gwanjo a Amurka kan dala miliyan 48.4. A waɗannan shekarun dai kamfanin ya ƙera wata mai kujeru huɗu, 250 GTE, kusan guda dubu, da inji mai silinda 12 ɗan gida ɗaya da na GTO. Masu dabara sun yanka GTE masu yawa, suka rage tsawon shasi, suka buga musu jiki irin na GTO da hannu. Wasu daga ciki aikin ya yi kyau har mai ido ma sai ya sunkuya ya duba. Ƙarfen Ferrari ne, injin Ferrari ne, ƙarar ma iri ɗaya ce, amma kuɗinta bai kai kashi kaɗan na kuɗin ta asali ba. Abin da ya raba su shi ne ɗaya tana da silsila: an san ranar da ta fita masana'anta, wanda ya fara sayenta, tseren da ta shiga, inda ta yi haɗari, wanda ya gyara ta, hannu zuwa hannu har zuwa mai ita na yau. Kai da ka zauna gaban malamai ka san masana hadisi ba sa karɓar magana don daɗinta. Sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji, kuma ko sun yi zamani ɗaya. Inda silsila ta yanke, ƙarfin ruwaya ya ragu. Kusan da wannan ma'auni ake auna tsohuwar mota.

Za ka ce, to ai motar da ta shekara hamsin dole an canza mata abubuwa. Gaskiya ne, kuma wannan magana ta taɓa kaiwa gaban babbar kotun Landan a 1990. Akwai wata Bentley da ake kira Old Number One, wadda ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa sau biyu, a 1929 da 1930. Bayan haka an sake mata shasi da jiki, ta yi mummunan haɗari a filin tseren Brooklands a 1932 wanda direbanta ya mutu a ciki, aka sake gina ta. Shekaru da yawa bayan nan aka ƙulla cinikinta kan fam miliyan 10, sai masu saye suka ja da baya, suka ce ƙarfen da ya ci Le Mans kaɗan ne ya rage a jikinta. Alƙali ya yanke cewa ita ce dai, domin tarihinta bai taɓa yankewa ba: kowane canji an yi shi ne a kan motar da ke nan, a bayyane, kuma babu wata mota dabam da za ta iya da'awar wannan suna. Ni idan ina bayyana wa mutanenmu wannan hukunci, gidajen ƙasa na Birni nake kawo musu. Gidan kakanka kowace shekara ana masa yaɓe bayan damina, an sake azara, an ta da katangar da ta zube, watakila ƙasar da kakan ya taɓa da hannunsa kaɗan ce ta saura. Duk da haka ba wanda zai ce ba gidansa ba ne. Amma idan wani ya je Sabon Gari ya gina irinsa sak, da zanen ƙofa da komai, ya ce gidan kakanka ne, ƙarya ya yi. Canjin inji da mahaifinku ya yi yaɓe ne. Buga lambar ƙarya kuwa shi ne gina wani gida a kira shi da sunan da ba nasa ba.

Yanzu mu zo kan motarku. Irinta Mercedes ta ƙera su daga 1963 zuwa 1971, kashi uku: 230 SL, 250 SL da 280 SL, jimillarsu 48,912, kuma kusan rabi 280 SL ne. Turawa na kiranta Pagoda saboda rufinta na ƙarfe da ya ɗan lotsa a tsakiya. Lambar shasin 280 SL tana farawa da 113.044. Sai lambobi biyu su biyo: 10 na nufin sitiyari a hagu da giyar hannu, 12 sitiyari a hagu da giya mai canza kanta, 20 da 22 kuma masu sitiyari a dama ne. Sannan lambobi shida na motar kanta. Wannan lamba tana kan ƙaramin faranti, kuma an buga ta a jikin ƙarfen shasi ta gaba, ɓangaren dama, cikin ɗakin inji. Dole biyun su zama ɗaya. Faranti abu ne da ake cirewa a maƙala wani, shi ya sa masani bai cika dogara da shi ba, wadda ke jikin ƙarfe yake nema. Injinta na asali lambarsa na farawa da 130.983. Ka je ka karanta naku. Idan ka ga 130.980, injin babbar 280 SE ce mai ƙofa huɗu, kuma wannan shi ne canjin da aka fi yi a ƙasashenmu, domin waɗancan sun fi yawa, injinsu kuma yana zama daidai.

Akwai wasu shaidu da makanikinka bai san da su ba, mai saye kuwa su zai fara dubawa. Masana'anta ta buga lambar jiki a gefen murfin inji, da murfin da ke rufe rufin tamfol, da ƙasan rufin ƙarfe, don a san sassan mota ɗaya ne. A gefen fuka-fukan gaba ta ciki, wato ƙarfen jikin mota da ke rufe ƙafafun gaba, akwai jerin ɗigon walda na injin masana'anta, a jere kamar ɗinkin keke. Idan an taɓa canza fiffike, ko dai babu su, ko ka gan su birkice. Kusa da fitilun gaba akwai ƴan ƙananan tsagi da mai gyaran jiki yakan shafe da mastik bai ma lura ba. Ƙofofi da murfin inji da murfin but alminiyam ne, maganaɗisu ba ya kama su. Gilasai suna da tambarin kamfanin da ya yi su, ƙafafun ƙarfe da kayan wuta na Bosch suna da alamar lokacin ƙira. Mota gaba ɗayanta takarda ce da aka rubuta da hannu ɗaya. Wanda ya gyara kalma guda a ciki, sauran rubutun ne zai tona shi.

Bari in ba ka abin da na gani da idona. Wata shekara a Kwatano an kira ni in duba wata mota irin taku, fara fat, sabon fenti, sabbin kujeru, an ce komai nata ya dace. Na bari sai da rana ta faɗi, na sa aka kashe fitilar garajin, na kwantar da ƴar tocila a gefen wurin lambar inji yadda haske zai bi ta kan ƙarfen a kwance. Nan take wurin ya nuna kwari, kamar bakin turmin da ya sha daka. Layukan da injin masana'anta ke bari a kan ƙarfe, siraran nan masu tafiya gefe ɗaya, sun ɓace a tsakiya, sai zagayayyun tabon faifan gogewa. Lambobin kuma kowace da zurfinta, wata ta ɗan karkata, kuma ƙirar 3 ɗin ba irin ta Jamus ba ce ta wancan lokaci. Na sa ɗan yatsa na shafa, na kira mai sayen ya shafa shi ma. Bai ce uffan ba, ya ɗauki jakarsa. Abin takaici, shasin motar na gaskiya ne. Da an bar injin da lambarsa, da an yi ciniki a kan ragi kaɗan. Da aka kama ƙarya guda, sai ya daina yarda da komai, har da abin da yake gaskiya.

Wannan da tocila kawai ke nan. A Turai abin ya wuce haka. Idan aka buga lamba a ƙarfe, matsin yana shiga ƙasa da inda ido ke gani. Ko an goge saman, masu bincike na shafa wani ruwan asid ko su yi amfani da maganaɗisu, tsohuwar lambar ta fito kamar inuwa. Haka ƴan sanda ke gano lambar bindiga da aka goge. Akwai na'urar da ake ɗorawa a jikin ƙarfe ta faɗi sinadaran da ke cikinsa, a gane ko ya dace da ƙarfen zamanin da ake da'awa. Akwai ta auna kaurin fenti, wadda ke nuna duk inda aka cika mastik. Sannan ka sani, sauya lamba don a yaudari mai saye laifi ne a gaban shari'a a can da nan, kuma algus ne a addini. Sunanka ne zai kasance a kan takardar sayarwa, ba na makaniki ba, ba na dillali ba.

To me rashin dacewar inji ke yi wa kuɗin motar? Yana rage shi, ba zan ɓoye maka ba, amma a mota irin wannan da aka ƙera dubbai ragin ba ya karya ciniki. Abin da ya fi kyau shi ne ku nemi tsohon injin. Dattawanmu ba su cika zubar da abu ba. Ka duba bayan garajin, ka duba ƙarƙashin tarkace, ka tambayi wanda ya riƙa yi wa mahaifinku gyara, idan ya rasu ka tambayi yaransa. Ko injin ya fashe, ko tsatsa ta cinye shi, gangar da ke ɗauke da lambar ita ake nema, a ɗora ta kusa da motar a sayar tare. Ka duba kuma ko famfon mai na Bosch yana nan. Motar ba da kafireto ta zo ba, famfo ne mai tura mai ga kowace silinda, kuma da yake gyaransa na da wuya, makanikai da yawa sun cire shi sun sa kafireto. Ni kaina na yi haka ina saurayi, a kan motar wani dattijo. Na cire famfon, motar ta tashi, kowa ya yaba, famfon kuma aka haɗa shi da ƙarafan da aka sayar a kan kilo. Sai da na je Faransa na ga yadda ake neman irinsa ruwa a jallo, da yadda ake lallaɓa shi a kan teburin gwaji, na gane abin da na raba motar da shi. Har yau idan na tuna raina yakan ɓaci, shi ya sa nake matsa maka.

Sai takardu, kuma a nan ne aikinku na gaske yake. Mercedes tana ajiye da katin bayanin kowace mota ta wancan zamani: launin da ta fito da shi, irin kujeru, lambobin manyan sassa, da ƙasar da aka aika ta. Mai mota na iya neman kwafi daga sashen tsofaffin motocin kamfanin idan ya nuna shaidar mallaka. Ku nema da kanku, kada ku dogara da wanda dillali ya riƙo, don ba ku san inda ya samo shi ba. Katin nan shi ne farkon silsila. Ƙarshenta ku ne. Tsakiyar ita ce ke warwatse a cikin akwatunan mahaifinku: kart giriz, wato takardar rajistar mota, na da da na yanzu, takardar duwan ta ranar da motar ta shigo ƙasa, tsofaffin takardun inshora, rasiɗin gyara, wasiƙu. Ka buɗe adakar iyayenku mata, ka buɗe aljihun gaban motar, ka ɗaga kujeru. Komai ƙanƙantar takarda kada ka raina ta, ko da gara ta ci rabinta. Ka ɗauki hoton kowace, ka sa asalin a leda cikin akwatin ƙarfe. Hotunan biki da na hawan salla da motar ta fito a ciki da lambarta a bayyane, musamman masu kwanan wata a baya, shaida ce mai ƙarfi.

Hanyoyin da irin waɗannan motoci suka bi suka zo mana sanannu ne. Wasu Turawa ma'aikata ne suka zo da su suka sayar lokacin komawa. Wasu an sayo su ne zamanin da kuɗin uraniyom ya buɗe a shekarun 1970. Wasu ta hamada aka koro su, ta Tamanrasset da Assamaka da Arlit zuwa Agadas, lokacin da samarin Turai ke kawo Peugeot 504 suna sayarwa. Wasu kuma ta Kano suka shigo. Idan lambar shasinku na da 20 ko 22, ko ka ga alamar an mayar da sitiyari daga dama zuwa hagu, ka nemi labarinta ta Najeriya, domin sai a 1972 suka koma tuƙi a hannun dama irin namu.

Kuma ka gaggauta zuwa wurin dattawa. Direban mahaifinku, abokan cinikinsa na kasuwar Dole, maƙwabtan da suka ga ranar da aka kawo ta. Ka zauna da kowannensu, ka nemi izini ka naɗi muryarsa a waya, ya faɗi sunansa, da shekarar da ya fara ganin motar, da wanda aka saye ta a hannunsa, da lokacin da aka canza inji da dalili. Takarda tana jira, tsoho ba ya jira. Mutum biyu ko uku da ba su haɗa baki ba, maganarsu ta zo ɗaya, ta kuma dace da wani rasiɗi, wannan ya zama hujja.

Maganar Paris-Dakar kuwa, ka riƙe ta da hannu biyu amma kada ka furta ta ga mai saye sai da shaida. Tseren ya fara ne ranar 26 ga Disamba 1978, kuma shekaru da yawa yana ratsa ƙasarmu ta Agadas da Tenere, shi ya sa kusan duk tsohuwar motar Bature da ta kwana a yankin nan sai an laƙaba mata wannan labari. A shekarun farko mutane sun shiga da motoci na ban mamaki, har da ƴar ƙaramar Renault 4, don haka ba a kore magana da ka kawai. Amma jerin waɗanda suka shiga kowace shekara yana nan a rubuce, da lambar tsere da irin mota, hotuna kuma sun cika mujallun Faransa na lokacin. Motar da ta yi tsere tana ɗauke da tabonsa: ramukan ƙarafan kariya a cikin ɗaki, wurin ƙarin tankin mai, farantin kare ƙasan inji. Kuma ka ga nauyin irin wannan da'awa: Porsche 959 ɗaya daga cikin ukun da suka shiga Dakar a 1985, wadda ba ta ma kai ƙarshen tseren ba, an sayar da ita a 2018 kusan dala miliyan 6. Inda kalma ɗaya ke ɗaga kuɗi haka, bincikenta ma haka yake da tsanani. Idan ba ku sami komai ba, ku rubuta cewa ana faɗa a gari amma ba ku da hujja. Mai saye na ƙwarai zai ƙara yarda da sauran maganarku.

Za a yi ta ambata maka takardun shaida iri-iri, ya kamata ka san iyakar kowace. Ferrari ta buɗe sashenta na tantancewa a 2006, suna duba motar kanta su ba da jan littafi. Takardar da gidan tarihin motoci na Gaydon a Ingila ke bayarwa tana faɗin yadda mota mai lamba kaza ta fita masana'anta ne kawai, ba ta ce motar da ke gabanka ita ce ba. Katin Mercedes ma haka yake. Takardar da hukumar tseren motoci ta duniya ke bayarwa don shiga tseren tsofaffin motoci tana tabbatar da cewa ƙirar ta dace da ta zamanin ne, ko sabuwar kwafi na iya samunta. Babban suna ma ba garanti ba ne: a 2023 ƴan sandan Jamus sun binciki wani fitaccen wurin gyaran Mercedes bisa zargin cewa ana samun 300 SL biyu da lambar shasi ɗaya. Kwafi a kan kansa ba laifi ba ne idan an faɗa. Jaguar ta yi asarar motocinta masu suna XKSS guda tara a gobarar masana'antarta a 1957, bayan kusan shekara sittin ta ƙera sabbi tara ta sayar a fili a matsayin sabbi, ba wanda ya yi ƙorafi.

Dalilin da na hana fenti shi ne, fentin asali sau ɗaya ake yinsa. A 2015 an yi gwanjon motoci kusan 60 a Paris waɗanda aka samu a rumfuna a wani gida a yammacin Faransa, sun shekara da shekaru ba a taɓa su ba. A cikinsu akwai Ferrari 250 GT California ta 1961 da aka tarar an jibga mata tsofaffin mujallu. Da ƙurarta aka kai ta, aka saye ta yuro miliyan 16.3, wato sama da biliyan 10 na sefa. Wata Bugatti da aka tsamo daga ƙasan wani tafki tsakanin Italiya da Suwizalan a 2009, rabin jikinta ya narke, an saye ta yuro 260,500, aka ajiye ta a gidan tarihi yadda take. Ƙungiyar tsofaffin motoci ta duniya, FIVA, ta fitar da ƙa'idar Turin da ta fara aiki a 2013, kuma jigonta shi ne a adana abin da ke nan gwargwadon iko, duk gyaran da aka yi a rubuta shi. Mu kuma Allah ya ba mu wata fa'ida: busasshiyar iskar Damagaram. Babban ciwon Pagoda a Turai tsatsa ce, saboda gishirin da suke zubawa a hanya lokacin sanyi yana cinye ƙasan mota. Rana za ta fasa muku roba da fata da katakon gaban mota, amma waɗannan duk ana samunsu. Ƙasan da bai ruɓe ba, da ɗigon waldar masana'anta a wurinsu, shi ne abin da Bature zai biya kuɗi a kai, kuma sabon fenti zai sa ya yi zaton wani abu ake rufewa. Kada kuma ku sa batir ku ce za ku tayar da ita. Injin da ya shekara ashirin a tsaye, man cikinsa ya daskare, tayar da shi haka kan jawo ɓarnar da ba ta nan a da.

Kada labarin biliyoyi ya ɗauke muku hankali. Motarku mai daraja ce amma ba ta cikin waɗanda ake ƙirgawa da yatsu. Mercedes 300 SLR da aka sayar yuro miliyan 135 a 2022, guda biyu ne kawai irinta a duniya. Pagoda mai kyau ƙwarai takan haura yuro 100,000 a Turai, fiye da miliyan 65 na sefa, amma wannan wadda aka gama mata komai ce. Wadda ke buƙatar cikakken gyara kuɗinta na ƙasa da haka nesa, domin gyaran kansa yana cin dukiya, ga kuɗin jirgi da na duwan. Don haka kada ku yarda da farashin mutum ɗaya. Ku nemi aƙalla masu taya biyu ko uku, kuma ku nemi yin magana da mai sayen kai tsaye, a biya dillali la'adarsa a fili.

Abu biyu suka rage. Motar dukiyar gado ce, haƙƙin dukan magada, har da mata da ƙanana. Kafin a yi maganar kuɗi, a zauna da malami a fitar da rabo, a sami takardar kotu da ta nuna magada da wanda suka wakilta ya sayar. Mai saye na gaskiya zai nemi wannan takarda da kansa, don ita ce haɗin ƙarshe na silsilar, kuma motar da ake rigima a kanta ba ta da kasuwa. Na biyu, idan wani ya ce motar ta lalace, a sayar masa da farantin lamba da kart giriz kawai, ko ya ce zai tafi da takardun ya nuna wa mai saye ya dawo, kada ku ba shi ko na kwana ɗaya. Da waɗannan ake haifar da wata mota a wata ƙasa da sunan taku, ranar da kuka tashi sayarwa kuma a ce muku taku ce ta jabu. Ko hoton lambar da za ku aika wa baƙo, ku rufe lambobi ukun ƙarshe har sai magana ta yi nisa.

Ka ɗauko mini hoton lambar shasi ta jikin ƙarfe, da ta faranti, da ta inji, kowace da hasken tocila a kwance kamar yadda na kwatanta, da hoton gefen fuka-fukan gaba ta ciki da na ƙasan motar. Idan ƙura ta rufe lamba, tsumma da ɗan kananzir sun isa, kada ka sa takardar gogewa. In Allah ya kai mu Juma'a bayan an sauko masallaci zan biyo ta Zango in gan ta da idona. Ka gaida mini iyayenku mata da sauran ƴan'uwa.